Wata Takwas Ina Zuba Man Zurman a Vespa da Janareto

Ranar da na fara tayar da Vespata da wannan mai, mai shayin da ke gefen garejina ya ɗago kai daga kan tukunya ya ce, "Oga, yau kuma me kake ƙonawa mai ƙamshi haka?" Shekara goma sha biyu muna maƙwabtaka da bawan Allahn nan, hayaƙin babura yana shiga masa rumfa tun hantsi har magariba, bai taɓa kiran hayaƙin da sunan ƙamshi ba sai ranar. Ni ma na ji shi. Ƙamshi ne mai ɗan zaƙi-zaƙi, tsakanin na suyar ƙuli-ƙuli da na kitsen da ya ɗiga a garwashi, ba ƙaurin nan mai kama maƙoshi ya sa mutum tari ba.

Sana'ata gyaran Vespa da ƙananan injuna. Tun 1994 nake riƙe da sifana a Kano. A hannun maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, zamanin da malaman makaranta da 'yan kasuwar Kwari da yawa suke da Vespa a zaure. Yanzu masu ita sun ragu, galibinsu dattawa ne da suka ƙi rabuwa da ita, don haka na haɗa da gyaran ƙaramin janareton nan na shaguna, da injin feshi na goyo, da zarto mai inji na masu yankan itace. Duk dangi ɗaya ne, inji mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da mai a tanki guda.

Ƙanena mai zuwa Dubai sarin kayan mota shi ya kawo mini man, lita uku. Ya ce, "Yaya, ga shi ka gwada. Mai shagon ya ce masu tseren babur ke saye, wai daga tsiro ake yinsa." Da na juya robar sai na ga kalmar castor da manyan baƙaƙe. Zurman ke nan, wanda wasu ke ce wa cika-gida, shi dai wannan da ke fitowa da kansa a kan bola da bakin kwata. Bayanin jikin robar ya nuna tataccen man zurman ne da aka rage masa danƙo, aka gauraya shi da man haɗi na masana'anta da 'yan sinadarai masu rage datti. An kuma ja kunne cewa a cikin fetur ake haɗa shi kai tsaye, kada a zuba shi a babur mai tankin mai da famfonsa na daban. Kamfanoni da dama a Amurka da Turai suna yin irinsa. Launinsa kamar na zuma fara, in ka ɗiga a yatsa ka murza za ka ji ya fi tu-tin kasuwa, wato man da aka saba haɗa wa inji mai bugu biyu a fetur, kauri da santsi, kuma ba ya saurin barin fata ko ka goge da tsumma.

Wanda bai taɓa buɗe inji ba zai ce mai ai mai ne. A mota da Boxer da sauran babura masu bugu huɗu, baƙin mai yana da mazauninsa a ƙasan inji, ya zagaya ya dawo, sai lokacin juye a zubar a sa sabo. Inji mai bugu biyu ba shi da wannan mazauni. Fetur ne ke ɗauko man daga tanki, ya bi da shi ta kafireta, ya shiga inda karanshaf ke juyawa, ya shafi boris da kwanrod da bangon silinda, sannan ya hau kan fistan ya ƙone tare da fetur ya fita ta salansa. Wucewa ɗaya tak. A wannan ɗan ƙiftawar ido ake so ya manne wa ƙarfe sosai, kuma in ya ƙone kada ya bar gawayi. Da wuya mai ɗaya ya cika duka biyun. Man zurman gwani ne a na farko, a na biyu kuwa nan ne na sha fama da shi.

Kafin in zuba shi a komai sai da na yi gwajin da maigidana ya koya mini. Na ɗora wani faifan ƙarfe a kan murhun mai shayi har ya yi zafi ƙwarai, na ɗiga tu-tin da nake sayarwa a gefe ɗaya, man zurman a ɗaya gefen. Tu-tin ya tsinke nan take kamar ruwa, ya gudu gefe-gefe inda zafi bai kai ba, ya yi hayaƙi, wurin ya bushe ƙayau. Shi kuwa zurman ya daɗe a inda ya sauka. Yana ƙara zafi yana ƙara duhu, daga launin zuma ya koma na maɗi, ya yi kauri. Da ƙarfen ya huce na sa farce na kankara, sai na ji ya kama kamar fenti. Yaran gareji suka yi ta kallo. Na ce musu su riƙe abin nan biyu da suka gani, ƙin gudu daga zafi da kuma wannan fentin, domin duk abin da zai biyo baya daga gare su zai fito.

Da Vespata na fara, PX 150. Na zuƙe tankin tas, na wanke kafireta, na buɗe kan inji na kankare tsohon gawayi, na sa sabon fulogi, don duk abin da zan gani nan gaba in san na sabon man ne. Akwai wani dalilin kuma: zurman ba ya shiri da man da aka tace daga ɗanyen man ƙasa, in suka haɗu a tanki ɗaya sukan yi dusa-dusa. Awon Vespa biyu cikin ɗari ne, wato mililita 20 a kowace litar fetur, lita biyar ta ci mililita 100. Da sirinji nake aunawa. Awon ido, na "zuba kaɗan, ƙara kaɗan", ya kashe injuna fiye da yadda mugun mai ya kashe.

Makonnin farko ba wani abin mamaki. Ƙarar injin ta ɗan yi taushi, wannan ƙaras-ƙaras ɗin da ake ji in an saki totur ya ragu. Hayaƙi bai kai na masu zuba baƙin man mota ba ko kusa, amma da tu-ti mai kyau kusan kunnen doki suke. Ƙarfi ko gudu kuwa ban ji ya ƙaru ba, duk wanda ya ce maka mai zai ƙara wa tsohuwar Vespa gudu, ciniki yake nema. Gindin salansa yakan ɗan yi jiƙe da wani baƙin ruwa mai yauƙi, wanda in ya taɓa ƙafar wando sai an sha wanki.

A watan Afrilu ne man ya nuna mini abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Rasuwa aka yi mana a Gaya, na ɗauki babban ɗana a baya muka kama hanyar Wudil da rana tsaka, irin zafin bazarar nan da kwalta ke walƙiya kamar an zuba ruwa. Mun haye gadar Wudil ba da jimawa ba na fara jin injin yana wani ƙyas-ƙyas a sama, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfinsa yana raguwa. Na san wannan ƙara. Sau da yawa abin da ke biye mata shi ne fistan ya cije, tayar baya ta tsaya cak, mutum ya tsinci kansa a ƙasa. Yatsuna biyu na kan kulochi, ina ta addu'a, har na samu inuwar wata darbejiya na gangara na kashe. Ɗana ya ce, "Baba, zafin har ta takalmina nake jinsa." Da injin ya ɗan huce na kwance fulogi, bakinsa fari fat kamar alli. Na duba ƙasan kafireta, ashe noti ɗaya ya saki, gasket ya tsage, injin yana zuƙar iska ta gefe. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, mai ma ya yi kaɗan tun da fetur ke kawo shi, ga zafin rana, ga nauyin mutum biyu. Na yanki kwalin sabulu na yi gasket na wucin gadi, na ɗaure, muka ƙarasa a hankali.

Washegari tun kafin in karya na sauke silinda. Na buɗe injunan da suka sha irin wannan zafin ba adadi, na san abin da ake tararwa: gefen fistan ya yi zane-zane kamar kyanwa ta yaƙushe shi, dalmarsa ta manne a bangon silinda, ring ya nutse a raminsa. A nan ban ga zane ko ɗaya ba. Abin da na gani shi ne fentin nan mai launin maɗi, ya lulluɓe gefen fistan ta ɓangaren salansa, inda zafi ya fi tsanani. Ring biyun suna motsi. Na goge bangon silinda da tsumma na haska da tocila, sumul. Na yarda sau ɗaya ne abin ya faru, na kuma tsaya da wuri. Amma na ga injunan da aka tsayar da wuri haka suka tashi da fistan a yage. A ganina man nan ne ya tsaya tsakanin ƙarfe da ƙarfe a lokacin da wani man zai ƙone ya bar su su ci juna.

Daga baya na bi diddigin dalili. Kusan kashi 90 cikin 100 na man zurman wani sinadari ne guda da ake kira risinolik, wanda yanayinsa ke sa shi son manne wa ƙarfe. In zafi ya yi yawa, maimakon ya tashi ya bi iska, ƙwayoyinsa sai su sarƙe da juna ya ƙara kauri. Turawa sun daɗe da sanin haka. Sunan Castrol da muke gani a jikin galan daga kalmar castor aka samo shi. Charles Wakefield ya kafa kamfanin a Landan a 1899, a 1909 kuma ya fito da man inji mai haɗin zurman a ciki. A yaƙin duniya na farko, tsakanin 1914 da 1918, jiragen sama masu injin da ke juyawa gaba ɗaya tare da farfela da man zurman suke aiki. Su ma fetur da mai ta cikin ɗakin karanshaf suke bi, kamar namu, sai aka nemi man da fetur ba zai wanke daga jikin ƙarfe da sauƙi ba. Har yau masu tseren babur da na ƙananan motocin kat suna sayensa saboda wannan halin. Sai dai su bayan 'yan awoyi na gudu suke wargaza inji su wanke su mayar.

Wannan shi ne abin da ban ba muhimmanci ba da na zuba shi a janareton gareji. Ƙaramin nan ne da aka rubuta wa 950, mai tankin lita huɗu, wanda ke ɗauke mana ƙwai uku da fanka da cajin waya in an ɗauke wuta. Awo hamsin na fetur, awo ɗaya na mai na haɗa masa, daidai da na Vespa. Wata na farko na ji daɗi ƙwarai. Yarona da ke zama kusa da shi ya daina korafin yaji a ido, bangon da salansa ke hura wa ya daina yin baƙi da sauri. A wata na uku sai tayarwa ta fara wuya. Injin da ja biyu ke tayar da shi ya koma sai an ja bakwai ko takwas. In ka ja igiyar a hankali ba ka jin turjiyar nan ta matsi kamar da. In aka kunna fanka sai ƙararsa ta faɗi, ƙwai ya yi ja.

Na buɗe. Ring na sama ya kafe a raminsa, wani baƙin danƙo ya riƙe shi kamar an sa masa gam. Sai da na jiƙa fistan a kananzir ya kwana, na bi ramin da guntun tsohon ring ina kankarewa. Ƙofar hayaƙi ta tsuke, gefe-gefenta ya cika da datti mai yauƙi, ba irin busasshen gawayin baƙin mai da ke farfashewa in ka taɓa shi da sukudireba ba. Salansa kuwa sai da na gasa ta a wuta. Bangon silinda da boris lafiya lau, ko alamar ci babu. Wato man ya kare ƙarfen, amma ya toshe wa injin numfashi. Dalilin a fili yake. Janareto gudu ɗaya yake yi, juyi dubu uku a minti, kaya kaɗan a kansa, sa'o'i huɗu ko biyar a jere. Ba ya samun irin hurawar da Vespa ke samu a kan titi in an murɗa totur, wadda ke share abin da ya taru. Sai danƙon ya yi ta hawa kan danƙo. Mai shagon aski ko tela da ba ya buɗe injinsa sai ya mutu, wannan man zai kai shi wurin bakanike da wuri, ya kuma tafi yana zagin man, alhali ba a yi shi don irin aikinsa ba ne. Na mayar da janareton kan tu-ti na gari tun daga ranar.

Ajiya ma ba ta yi masa. Na yi tafiya Maraɗi na mako biyar, na bar Vespa da rabin tanki. Da na dawo ta ƙi tashi. Fetur ɗin da ke cikin kafireta ya bushe ya bar man shi kaɗai, ya daskare a ƙaramin jet kamar ƙaro. Yanzu in zan ajiye ta fiye da mako ɗaya nakan rufe famfon fetur in bar ta tana aiki har ta mutu da kanta, kafireta ta zama wayam.

Sai maganar rabuwa. Halin nan na ƙin narkewa sosai a fetur, wanda ya yi wa jiragen yaƙin nan amfani, shi ne ke zama matsala a tanki. A ƙasashen sanyi yakan kwanta a ƙasa in gari ya kusa ƙanƙara. Hunturunmu bai kai can ba, ko a watan Janairu ban ga ya rabu ba muddin fetur ɗin na gidan mai ne mai kyau. Amma wata rana da layi ya yi tsawo na sayi lita biyu a bakin titi, na haɗa a farar gora kamar yadda na saba. Maimakon ya yi garau sai ya yi hazo-hazo, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Na ajiye shi a kan benci. Kafin la'asar wani siririn layi mai duhu ya kwanta a gindin gorar. Da a tanki na haɗa, da ban gani ba, kuma famfon tanki daga ƙasa yake zuƙa: farko injin ya sha mai zalla ya jiƙa fulogi, daga baya ya sha fetur tsura ba mai, wanda shi ne ajalinsa. Tun daga nan ba na haɗawa sai a gora mai nuna ciki, in girgiza, in ɗaga ta a hasken rana in duba, kuma ba na haɗa abin da ya wuce na kwana uku.

Da labari ya bazu a layinmu, wani Alhaji mai Vespa da nake yi wa gyara shekara da shekaru ya zo ya ce, "Malam, to in dai man tsiro ne, me zai hana in zuba man gyaɗa? Ga shi a gida." Na ce, "Alhaji, don girman Allah kada ka fara." Gaskiya ne a baje kolin birnin Faris na 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa, amma a matsayin makamashi ne, kuma injin daban ne. Man gyaɗa da na waken suya da manja ba su da sinadarin nan na zurman, kuma zafi da iska suna lalata su da wuri. Duk macen da ta taɓa kankare gefen kaskon suya ta san abin da man girki ke zama in ya sha wuta. Shi zai zama a ramin ring. Man zurman na kemis da na masu kayan gyaran gashi shi ma ba a shirya shi don inji ba, ba shi da abin da zai riƙe shi a cikin fetur, ba shi da mai rage datti. Akwai man inji da ake yi daga man fure mai bin rana da irin su, har da na kwakwar manja, amma sai an sarrafa su a masana'anta an canza musu yanayi kafin su cancanci shiga inji. Daga kicin zuwa tanki babu hanya.

Akwai abin da ya fi duk wannan damuna, kuma ƙamshin nan ne ya jawo shi. Wata rana ruwa ya sauko, na tarar yarona ya jawo janareto cikin rumfa ya saki labulen buhu, wai ai wannan hayaƙin ba ya cutarwa tun da na tsiro ne. Raina ya ɓaci sosai. Abin da ke kashe mutane a hayaƙin janareto iskar kabon monoksaid ce, daga ƙonewar fetur take fitowa, ba ta da wari ba ta da launi. Fetur kuwa shi ne kashi 98 cikin 100 na abin da ke tankin. Ko da zuma ka haɗa masa, gubar tana nan yadda take. Mun sha jin gidan da aka kwana da janareto a tsakar ɗaki ko a baranda rufaffiya aka wayi gari ba mai motsi. Ƙaurin baƙin mai ko ba komai yana korar mutum daga wurin. Wannan kuwa yana iya sa a saki jiki. A waje ake ajiye inji, nesa da taga, ko wane mai aka zuba.

Inda man tsiro ya yi fice na haƙiƙa shi ne ƙasa da ruwa. Inji mai bugu biyu mai kafireta yana fitar da wani kaso mai yawa na haɗin fetur da mai ba tare da ya ƙone ba, har akan ƙiyasta kusan ɗaya cikin huɗu. Mai zarto a daji, mai feshi a tsakiyar tumatir, duk a kan ƙasar da ake ci daga gare ta suke zubar da shi. Man da aka rubuta wa cewa yana ruɓewa da wuri, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ƙwayoyin halitta su cinye aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa a kwana 28. Baƙin man mota, balle wanda aka juye, shekaru yake yi a ƙasa. Na ba wani mai zarto da nake yi wa gyara rabin lita ya gwada. Injinsa kullum a ƙarshen totur yake aiki, cikin zafi, kuma yana kawo mini shi sabis duk wata. Shi ya fi kowa jin daɗinsa. Na buɗe bayan mako shida na tarar da 'yar dattin da ba ta taka kara ta karya ba, ya kuma ce ciwon kan da yake kwana da shi bayan aiki ya yi sauƙi. Masu kwalekwale mai inji a Yawuri ko Baga kuwa kada su ɗauki wannan. Injinsu ruwa ke sanyaya shi, ba ya zafi kamar namu, man da aka rubuta wa TC-W3 shi ne nasu, kuma a cikin irinsa ma akwai mai ruɓewa.

Kuɗi fa? Da ƙanena ya faɗa mini abin da ya biya, na lissafa lita ɗaya za ta saya mini lita biyar zuwa shida na tu-ti mai kyau a Ƙofar Ruwa. Lita ɗaya tana haɗa litar fetur 50, a Vespata hakan tafiyar kusan wata ɗaya da rabi ce. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, mutumin da ke sayen lita ɗaya ɗaya don ya kunna injin aski ba zan iya duban idonsa in ce ya ƙara wannan a kan nauyinsa ba. Abin da nake gaya wa irinsu shi ne su bar baƙin man mota, su bar wanda aka juye, su nemi tu-tin da aka rubuta wa JASO FC ko FD a jiki. Ma'aunin Japan ne, FC yana nufin hayaƙi kaɗan, FD kuma ya ƙara da tsabtace inji. Wannan kaɗai zai rage musu rabin zuwa wurina. Ga shi kuma har yanzu ban ga mai sayar da na zurman a kasuwannin Kano da nake shiga ba, sai an yi saƙo.

Wani abu yana tsaya mini a rai duk lokacin da na ɗaga robar nan. A bayan garejinmu, gefen kwalbati, akwai zurman guda huɗu da ba wanda ya shuka, sun fi ni tsawo, 'ya'yansu masu ƙaya suna fashewa da rana suna watsar da ƙwaya. Kusan rabin nauyin ƙwayar nan mai ne. Mafi yawan zurman da duniya ke amfani da shi daga Indiya yake fitowa, musamman jihar Gujarat, ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa irin tamu. Can ake nomawa, a kai wata ƙasa a tace, a zuba a roba, ya biyo ta Dubai, sannan ya iso hannun bakanike a Kano da tsadar da ta fi ƙarfin abokan cinikinsa. Na san aikin ba na matsewa a turmi ba ne. Ƙwayar tana da guba mai kisa da ake kira risin, wadda ke zama a cikin tunkuzar bayan an matse, shi ya sa ba a ba dabba ita, kuma tacewa da haɗawa aikin masana ne. Amma muna da masu ilimin haɗa sinadarai a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello, muna da injunan matsar gyaɗa da ridi a Sharaɗa da Bompai. Ina fata in ga ranar da wani zai kawo mini gora ya ce nan aka yi, in gwada masa. Zan ba shi injina da hannuna.

A cikin lita ukun, saura kamar rabin lita. Na daina zuba shi a zirga-zirgar cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa a danja, don na lura fulogi yana saurin yin baƙi. Na ɗaure bakin robar da leda na sa ta a akwatin kayan aiki, inda rana ba ta kaiwa. In tafiya mai nisa ta taso cikin zafi, Gaya ko Zariya ko Kazaure, nakan zuƙe tanki tun daren, in haɗa sabo a farar gora da safe, in ɗaga in duba, sannan in zuba. In na dawo kuma ranar Juma'a da safe, kafin masu gyara su fara zuwa, nakan buɗe kan injin in ga abin da ya bari. Mai zarton ya riga ya yi wa ƙanena saƙon lita biyu a tafiyarsa ta gaba.